Ranar da Baba Ya Ce Ba Shi da 'Ya

A gidanmu ba a faɗin ranar tafiya. Ba mu kaɗai ba, kusan duk unguwarmu ta Magajin Gari a Birnin Gwari haka ake yi tun da hanya ta lalace. In za ka Kaduna ranar Laraba, sai ka ce wa maƙwabta wataƙila mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Jakarka ta riga ka fita, a cikin buhun masara, a bayan babur ɗin wani. Kai kuma ka fito da safe da tsofaffin kaya kamar mai zuwa cefane. Mata har lalle suke daina sa wa in tafiya ta matso, kada hannu ya nuna hutu.

Dokar waya ta fi wannan tsanani. Baba ba ya fara magana in an kira shi. Sai ya danna, ya buɗe murya kowa ya ji, ya yi shiru har mai kiran ya gaji ya faɗi ko shi wane ne. Dalili kuwa, ta wannan ƙaramar wayar tasa mai fasasshen gilashi aka sanar da shi cewa ƙanensa yana hannun mutanen daji. A hanyar gonarmu ta wajen Saminaka suka ɗauke shi, kuma da suka kira, sun san sunan Baba, sun san yawan 'ya'yansa, sun san abin da ya noma a shekarar. Kawu ya dawo da rai, amma har yau ba ya zama ya ba ƙofa baya. Tun daga nan Baba ya tara mu ya ce, “Lambata ba goron biki ba ce. Wanda ya ba wani ita ba da sanina ba, ni da shi ne.”

Ni ce na karya wannan doka, kuma a kan ɗakin kwana na karya ta.

Ina shekara ta uku a jami'a ina karanta Faransanci, malamanmu suka ce harshe ba ya zama a baki sai an je inda ake sayen barkono da shi. Na nemi wata makarantar koyon harshe a Lome, suka ɗauke ni na wata shida. Da na kawo wa Baba labari a lokacin hutu, dariya ya fara yi. Ya ce, “Shi Turancin da me ya amfane ki, balle ƙanensa?” Amma bai hana ba. Baba mutum ne mai son a ce 'yarsa ta yi abin da ba a saba ba, ko da yake ba zai taɓa yarda da hakan a gabanka ba. Abu ɗaya ya tambaya: a ina zan riƙa kwana?

Makarantar ta aiko da takarda mai zaɓi uku, na karanta masa a zaure. Na farko hostal ɗin makaranta, bene mai hawa uku, maza a ƙasa mata a sama, da mai gadi a ƙofa. Baba ya ce, “Wato mai gadi ne uban kowa. Wuce.” Na biyu haya a gari, ɗalibai uku ko huɗu su haɗu su kama gida, su yi girkinsu. Ya ce, “'Yan mata huɗu sa'o'in juna, wa zai ce wa wa ki dawo da wuri? Wuce.” Na uku zama da iyali, a ba ka ɗaki a gidan mutanen gari, ka ci abin da suka ci, ka ji harshen daga safe har yamma. Nan ya gyara zama. Ya ce, “In akwai uwa a cikin gidan, mai sallah, wadda za ta san shigarki da fitarki, ki je. In babu, ki zauna ki koyi Faransancinki a rediyo.”

Na je shagon kwamfuta na cike fom. Tambayoyi ne barkatai: me nake ci, me ba na ci, ko ina tsoron kyanwa, ƙarfe nawa nake tashi. Can ƙasa sai ga gurbin lambar wayar uba, da jan tauraro a gefe, alamar ba za a wuce ba sai an cike. Na san in na koma gida na tambaya, za a yi kwana uku ana shawara. Na ce a raina, wa ke karanta irin waɗannan gurabun? Na rubuta lambar Baba, na tura, na manta.

Bayan mako uku, wata rana da la'asar, muna tsakar gida. Mama tana tankaɗe, ni ina tsintar shinkafa, Baba yana kan tabarma yana gyaran igiyar awaki. Wayarsa ta yi ƙara. Ya danna, ya yi shirun da ya saba.

Muryar mace ce, babba, tana ta katsewa. Hausarta ba irin tamu ba ce, Hausar wanda ya koya a kasuwa. Ta yi sallama, sai ta kira cikakken sunana, har da na Baba a ƙarshe. Ta ce, “Kai ne babanta?”

Rariyar Mama ta tsaya.

Matar ta ci gaba, “Tana gida yanzu? Wace rana za ta taso? Wace mota za ta shiga?”

Na ga igiyar ta zame daga hannun Baba. Sai ya yi magana da wata murya da ban san shi da ita ba, siririya, irin ta mai neman alfarma. Ya ce, “Baiwar Allah, kin yi ɓatan lamba. Ni ba ni da 'ya. Ko aure ban taɓa yi ba. Lebura ne ni.” Ya kashe. Ta sake kira, ya bar ta tana ƙara. A kira na uku ya ɓalle bayan wayar, ya zare sim ɗin, ya tashi da kansa ya jefa shi cikin murhu.

Ba zan yi ƙarya ba, a wannan lokacin ko kusa fom bai zo mini a rai ba. Mama ta riƙa maimaita, “Har mata suke sa wa yanzu, har mata,” tana kallon katanga kamar ta nan za su diro. Na ji sunana a bakin wadda ban sani ba, na ji ubana ya ce bai haife ni ba, kuma na san daidai ya yi. Duk da haka abin ya soke ni a wani wuri da ban san ina da shi ba.

Kafin magariba an fitar da ni. Mama ta sa mini tsohon hijabinta, ta ɗora mini tire a ka kamar an aike ni, muka bi ta lungu zuwa gidan Gwaggo, yayar Baba, da ke can tsakiyar gari. Gwaggo ta shigar da ni ƙuryar ɗakin da take ajiye hatsi, ta shimfiɗa mini tabarma a bayan buhuna. Ta ce ko baƙuwa ta yi sallama kada in yi tari.

Kwana huɗu na yi a wannan ɗaki. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙarar babur. A garinmu babur ɗaya ba komai ba ne, amma in ka ji biyu, uku a jere, kunnenka yakan fara ƙirga da kansa. Ina zaune ina jin warin dawa da maganin ƙwari, babur ya shigo layin, sai in kasa kunne har ya wuce. Na riƙa tuna hannun Kawu ranar da ya dawo, yadda igiya ta ci masa wuyan hannu.

A rana ta biyu da hantsi, ina neman ɗankwali a jakata, hannuna ya taɓa kwafin fom ɗin. Na buɗe. Ga cikakken sunana yadda matar ta kira shi, ga lambar Baba. Na zauna a kan buhu ina kallon takardar, wani sabon tsoro ya danne na farko.

Nan ne wurin da nake jin kunyar faɗi. Na yi shiru. Na ce wa kaina ai ban tabbata ba, in na fito na ce ba komai, alhali da gaske su ne fa? Wannan gaskiya ce, amma rabinta. Ɗaya rabin shi ne ina tsoron fuskar Baba. Kullum yakan zo bayan azahar ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, shi da Gwaggo suna lissafa waɗanda ke da lambarsa: mai sayar masa da taki, direban da ke kai masa hatsi Kaduna, maƙwabcinmu na jikin katanga. A cikinsu suke neman infoma, mai kai wa mutanen daji rahoto. Na ji da kunnena Baba yana cewa ya daina tsayawa kusa da maƙwabcin nan a sahu, mutumin da ya raɗa wa ƙanwata suna. Ina bayan buhu da takarda a ƙarƙashin cinyata, ban ce uffan ba.

A gidan Gwaggo sabis ba ya kamawa sai an hau turmin da ke kife a jikin katangar waje. Rana ta huɗu, Laraba, da ta shiga wanka, na lallaɓa na hau, na ɗaga wayata sama. Saƙon makarantar ya shigo. Sun ce sun samo mini gida, na wata dattijuwa Musulma, tsohuwar mai sayar da atamfa, wadda take jin Hausa. Ita ba ta karɓar ɗaliba sai ta yi magana da ubanta. Ta kira, mutumin ya ce ba shi da 'ya. Don haka ta ce ba za ta ajiye yarinyar da ta gudo daga gida ba. In ba a warware ba zuwa Juma'a, za a ba wata ɗakin, kuma babu sauran iyali a wannan zangon. Suka ƙara da cewa kada in damu, hostal akwai wuri. Suka sa lambar matar a ƙasa.

Ina kan turmin ina kuka Gwaggo ta fito ta same ni. Na miƙa mata fom, na faɗa mata komai. Ta riƙe haɓa ta ce, “Ke kam boko ya cinye miki kai. Kwana huɗu ina kwana da taɓarya a gefena saboda ke!” Ta zari mayafi ta tafi kiran Baba da kanta.

Da ya zo, a tsaye ya saurare ni. Na gama, ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne alhamdu lillahi, har sau uku. Sannan ya dube ni. Ya ce, “Tun yaushe kika sani?”

Na ce, “Tun shekaranjiya.”

Ya ce, “Kina jina ina cin naman mutanen da nake sallah da su, kina bayan buhu kina saurare.” Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. “To an fasa. Wadda ba ta iya riƙe lambar waya ba, ba za ta riƙe kanta a ƙasar wasu ba.”

Ina da baki, kowa a gidanmu ya sani, amma ban taɓa juya shi ga Baba ba sai ranar. Na ce, “Baba, na yi laifi. Amma nan ɗin da kake so in zauna, a bayan buhunan dawa kake ɓoye ni.” Gwaggo ta ce, “La ilaha! Ke!” Baba ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin hatsin, ya sa takalmansa ya fita. Na tabbata a raina na ƙarasa kashe tafiyar da bakina.

Washegari, Alhamis, ya dawo da hantsi. Daga baya Mama ta gaya mini cewa sai da ya fara shiga gidan maƙwabcin nan ya gaishe shi doguwar gaisuwa, mutumin yana ta mamakin abin da ya kawo ta. Baba bai kalle ni ba. Ya ce wa Gwaggo, “Ki ce mata ta kira matar.”

Na hau turmi na kira, da ta ɗauka na gaishe ta da Faransanci, na ce ga babana. Na sauko, shi ya hau. Ban taɓa zaton zan ga wannan ba: dattijo da furfura a kan turmi, hannu ɗaya a katanga, Gwaggo tana riƙe da gefen rigarsa kada ya faɗo. Kansa ya zarce katangar, duk mai wucewa a layi yana ganinsa, yana kuma jin abin da yake faɗi.

Ya yi sallama. Ya ce, “Hajiya, ni ne wanda ya ce miki ba shi da 'ya. Ina da ita. Ga ta nan tsaye.”

Hajiya ba ta sauƙaƙa masa ba. Ta ce, “Malam, ni huɗu na haifa. Ban taɓa ce wa kowa ban haife su ba. Wane irin uba ne wannan?”

Na zaci zai kashe wayar. Sai na ji yana ba ta labarin Kawu, labarin da ko a cikin gida ba ya bari a ɗauko. Ya faɗa mata yadda aka kira shi, da irin tambayoyin da aka yi masa. Ya ce, “Irin naki ne sak, Hajiya. Yana gida? Yaushe zai fito? A nan, wanda ya san ranar tafiyar ɗanka, ya riƙe ran ɗanka a hannu.”

Hajiya ta ce, “Inna lillahi. Ban sani ba. Ka yafe ni.” Ta ce ɗaki yana nan, tagarsa tana kallon tsakar gida, ita kuma ɗakinta yana jikinsa. Sannan ta dawo kan tambayarta ta farko. “To yanzu wace rana za ta taso?”

Baba ya ce, “Wataƙila mako mai zuwa, ko na bayansa, in Allah ya kai mu.”

Ta ce, “A'a. Tasha tana da nisa, ƙafata ba lafiya, kuma ba zan bar 'yar mutane ta sauka a garin da ba ta sani ba babu kowa. Ka ba ni rana guda, ni zan lissafa ranar saukarta. In ba ka yarda da ni a kan rana ba, ta yaya za ka yarda da ni wata shida?”

Baba ya leƙa layi. Wata mai tallar gyaɗa tana wucewa, wasu maza biyu suna zaune a gindin dalbejiya. Na ga gumi yana bin bayan kunnensa. Ranar tana cikin kansa tun tuni, amma ko Mama bai gaya wa ba. Ya rufe wayar da tafin hannu, ya sunkuyo gare ni, karo na farko da ya dube ni tun jiya. Ya raɗa mini, “Yaya ake cewa Laraba da yaren naku?”

Na gaya masa. Ya gwada sau biyu a hankali, ya ɗago, ya ce wa wayar, “Markiradi. Mai zuwa.” Hajiya ta maimaita, ta ce ta ji. Da ya sauko daga turmin sai da ya zauna a ƙasa.

Ranar Laraba jakata ta riga ni zuwa tasha a cikin buhu. Muka jira motoci suka taru, aka tashi a jere da rakiya. Baba bai shiga motar da na shiga ba. 'Yan gida ɗaya ba sa haɗuwa a mota ɗaya a wannan hanya, don in an tare ɗaya, a samu wanda zai nema. Yana cikin ta bayanmu. Na sha bin hanyar Kaduna, kullum da tsoro, amma wannan karon daban ne, domin na san akwai mutum a duniya, wadda ban taɓa gani ba, da ta san ina cikin mota a wannan safiya. Daji ya rufe mu hagu da dama, ciyawa ta fi mota tsayi. Ba mai magana sai wata tsohuwa da ke jan carbi. Duk inda direba ya rage gudu saboda rami, sai in leƙa cikin ciyawar. Na riƙa tunanin in wani abu ya faru, Baba zai ce shi ya faɗa da bakinsa, kuma ni na sa shi. Kowace kwana sai na waiwaya in ga ko motarsu tana nan.

Mun isa lafiya. A Kaduna ya sa ni a babbar mota, ya ce in riƙe sallah, ya juya da sauri kamar wanda ya manta wani abu a wuta. Bayan kwana biyu na sauka a Lome, na tarar da wata gajeriyar mata mai sanda zaune a kan benci, riƙe da kwali da sunana a jiki. Da ta tabbatar ni ce, ta yayyaga kwalin ƙanana ta zuba a jakarta.

Na yi mako biyu a gidanta, wata rana da rana muna kicin ina jajjaga mata attarugu, wayarta ta yi ƙara. Lambar Najeriya ce da ba mu sani ba. Ta buɗe murya. Wani namiji ne, ya shaƙe murya kamar mai mura. Ya ce, “Hajiya, an ce akwai wata yarinya 'yar Birnin Gwari a gidanki. Saƙo zan kawo mata. Tana nan?”

Hajiya ta ɗora yatsa a leɓe. Ta ce, “Babu wata yarinya a nan. Ni kaɗai ce, tsohuwa, sai kyanwata. Ka yi ɓatan lamba.” Kafin ta kashe, mutumin ya yi wani ɗan gajeren tari sau biyu, tarin da na tashi ina ji kowace asuba a bakin rijiyarmu. Ta dogara sandarta ta je ta sa wa ƙofar gida sakata, ta dawo ta zauna.

Ba a jima ba tawa wayar ta yi ƙara. Mama ce. Ta ce, “Ban san me ya sami babanku ba. Ya ari wayar maƙwabci ya fita, ya dawo yana cewa in zubo masa tuwo, har da ƙari. Rabonsa da cin abincin kirki tun ranar da kika tafi.”

Na ajiye wayar na ce, “Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Baba ne. Gwada ki ya yi.”

Ta dube ni, ta dubi ƙofar, ba ta tashi ta zare sakatar ba. Ta ce, “Ko shi ne. Gobe ma in ya kira da lambar da ban sani ba, ba ni da ke.” Ta turo mini turmin ta ce in ƙarasa, attarugun bai yi laushi ba.